Mu daina cewa "allurar hana balaga"

Masu fassara da ma'aikatan lafiya, a taimaka mini da kalma.

Ɗiyar yayata shekararta bakwai, ta fara ƙirgen dangi. Likitan yara ya ce balagar wuri ce, wato alamu su bayyana kafin shekara 8 ga mace, kafin 9 ga namiji. Wannan sunan ya zauna mini. Inda na maƙale shi ne allurar da Bature ke kira "puberty blocker".

Da na koma gida Gwammaja na ce wa Hajiya allurar hana balaga za a yi mata, sai ta ajiye carbi ta ce, "Hana me? Ba da jikata ba." Ban ga laifinta ba. A Kano, da an haɗa allura da "hana", haihuwa ke faɗo wa mutum a rai. Irin wannan fargabar ce ta tsayar da rigakafin shan inna a 2003.

Kuma fassarar ma ba daidai ba ce. Allurar, irin su leuprolide da triptorelin, duk wata ko duk wata uku ake yi, in an daina balaga ta ci gaba. Babban abin gudu a balagar wuri shi ne ƙashi ya daina tsawo da wuri, yarinya ta tsaya gajera.

Wani ya ce mini "birkin balaga". Da daɗin faɗa, amma ina tsoron sunan da zai sa a ɗauke ta abin saye a kemis. Kafin a fara sai an ɗauki hoton ƙashin hannun hagu, an auna sinadarin homon, mai tayar da balaga, a jini, wani lokaci har hoton ƙwaƙwalwa, musamman ga namiji. Likita ya tambayi yayata har man da ake shafa wa yarinyar, domin in daga mai ne ko daga wani ƙari homon ɗin ke fitowa, wannan allurar ba ta magani. Ya kuma ja kunnenta: ɗan ɗigon jini ta gaba bayan allurar farko yana faruwa, amma ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, a dawo asibiti nan take.

Ni dai "allurar jinkirta balaga" na tsayar. Na gwada ta a kunnen Hajiya jiya bayan Magariba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Jinkirtawa zuwa yaushe?" Wannan tambayar ce yayata za ta kai wa likita ranar Talata.

Mai wadda ta fi wannan ya kawo.