Murza wurin da aka buge: magani ne ko lallashi?

Auta: Jiya 'yar Yaya ta faɗi ta buga gwiwa a dandamali, Goggo ta hau murza wurin tana hura mata iska, nan take yarinya ta yi shiru. Ni na ce wayon manya ne kawai. Ciwo a nama yake, murza ba ta ɗinke nama.

Goggo: Da wannan wayon aka raine ka, ja'iri.

Anti Nas: Auta, ka faɗi rabin gaskiya. Kumburin ba ya sacewa don an murza, amma zafin yana raguwa da gaske. Saƙon ciwo ba ya zarcewa ƙwaƙwalwa kai tsaye, sai ya yada zango a laka, cikin ƙashin baya. Jijiyoyin da ke ɗauko zogi sirara ne, tafiyar hawainiya suke yi, kamar mita ɗaya a daƙiƙa. Masu ɗauko taɓi kuwa kaurara ne, suna wuce mita 30 a daƙiƙa. In aka murza, saƙon taɓi sai ya tayar da wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya a lakar, su kuma su danne na ciwon, kamar an tura ƙyaure.

Kawu: Wa ya shiga lakar ya ga ƙyauren? Ku 'yan asibiti ba kwa rasa ta cewa.

Anti Nas: Kawu, misali ne. Wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin a 1965. An gyara musu abubuwa daga baya, amma tushen bai rushe ba. A kansa aka ƙera na'urar nan da masu gashin ƙashi ke manna wa mutum a fata tana ɗan tsikarinsa da lantarki.

Kawu: To ni shekara nawa ina fama da baya? Kullum sai yara sun murza min man zafi, kafin asuba ya dawo. Wani lokacin ko riga ce ta goge ni sai na ji kamar wuta.

Anti Nas: Allah ya ƙara sauƙi, Kawu. Ciwon da ya daɗe halinsa daban. Ƙwayoyin lakar kan zama masu saurin harzuƙa, har taɓi ma su ɗauke shi ciwo. Wannan ya wuce man zafi, ku zo a duba ku.

Baffa: Ni shaɗi ya tsaya min a rai. Na taɓa tsayawa dab da fili, na ga tsumagiya ta tsaga haƙarƙarin saurayi, jini na tsattsafowa, shi ko yana riƙe da madubi yana murmushi. Wa ya murza masa?

Anti Nas: Ita ma ƙwaƙwalwa tana aiko umarni ƙasa zuwa laka a rage saƙon. Jiki yana da nasa sinadaran kashe zafi.

Auta: Ko kuma yana ji sarai, kunyar 'yan mata ce ta hana shi motsi. Anti, daga nesa ba za ki iya bambancewa ba.

Anti Nas: Nan kam ka kama ni.

Auta: Kuma in hankali na iya tura ƙyauren, ashe maganata ta fito. Lallashin Goggo ne ya yi aiki, ba tafin hannunta ba.

Anti Nas: In kai kaɗai ne a ɗaki ka buga gwiwar hannu a ƙofa, wa ke lallashinka? Amma sai ka murza.

Auta: Sabo ne. A gwada mana: in ta sake faɗuwa, baƙo ya murza, ba hura iska, ba sannu.

Goggo: Jikar tawa? Je ka buga taka gwiwar, sai mu kira maka baƙon.