Na tsinci kuɗin wasu tsibirai biyu a adakar marigayi yayana

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya muka buɗe adakar yayana, Allah ya jiƙansa, don a raba kayansa. Ya daɗe yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya daga Legas. Cikin wani tsohon fasfo na tarar da takardun kuɗi guda uku. Biyu an rubuta 50,000 dobras, Sao Tome e Principe, da hoton wani mutum a jiki. Ɗayar 1,000 escudos ce, Cabo Verde. Wallahi da na ga dubu hamsin-hamsin ɗin nan sai da gabana ya faɗi, har na fara lissafin kuɗin makarantar marayunsa. Na kai wa wani ɗan canji a Sabon Gari, ya juya su gaba da baya, ya yi dariya ya ce shi dala, fam, riyal da sefa kawai ya sani. To don Allah masana, nawa suke yi? Kuma me ya sa ɗaya ta fi ɗayar tulin sifiri?

Malamin Samaru:

Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Yaya, ya raya abin da ya bari. Ɗan'uwa, sai dai ka yi haƙuri, ƙaramar nan ta dubu ɗaya ta fi manyan biyun daraja ko an haɗa su.

Ƙasashen biyu tsibirai ne a tekun Atilantika, duka Fotugal ta mulke su, duka kuma a watan Yulin 1975 suka sami 'yanci. Lokacin mulkin mallaka kuɗinsu eskudo ne, daidai yake da na Fotugal. Cabo Verde ta riƙe sunan. Sao Tome kuwa a 1977 ta fito da dobra, ɗaya a kan eskudo ɗaya. Ka ga ke nan daga layi ɗaya suka tashi.

A 1998 Cabo Verde ta ƙulla yarjejeniya da Fotugal, ta ɗaure kuɗinta da eskudon can. Da yuro ya zo a 1999 sai ɗaurin ya koma kansa: yuro ɗaya, eskudo 110.265. Har yau a nan yake, bai motsa ba. Dubu ɗayarka ke nan yuro tara ce da 'yan kai.

Sao Tome ba ta yi irin wannan ɗauri ba sai Janairun 2010, ita ma da goyon bayan Fotugal, a kan dobra 24,500 yuro ɗaya. Kwatanta da wannan: sa'ad da Fotugal ta bar nata eskudon, 200.482 ne suka zama yuro ɗaya. Wato kuɗin da suka fara kafaɗa da kafaɗa, dobra ta zube fiye da ninki ɗari, na Cabo Verde kuwa har ya fi na uwargijiyarsa ƙarfi. Dubu ɗarinka ta dobra yuro huɗu ce da ɗan abin da ba a rasa ba.

Dalili? Sao Tome koko ta dogara da shi. Bayan 'yanci gwamnati ta karɓe manyan gonakin, amfanin ya ragu, farashi ya faɗi a kasuwar duniya, bashi ya yi mata katutu. Cabo Verde ba ta da ruwan saman kirki ma, amma 'ya'yanta da ke Amurka da Turai suna turo kuɗi gida, ga masu yawon buɗe ido da ke cika tsibiran Sal da Boa Vista. Mai son ɗaure kuɗinsa da yuro, dole yuron ya riƙa shigo masa.

Hoton da ka gani kuma Amador ne, wanda ya jagoranci tawayen bayi a tsibirin a 1595.

Hajiyar Kofar Doka:

Malam, ka manta abu guda, kuma shi ne zai fi ɗaga wa bawan Allahn nan hankali. A farkon 2018 Sao Tome ta goge sifiri uku, dobra dubu ta koma ɗaya, yuro ya zama 24.5. Waɗannan na hannunsa tsofaffi ne, an daina ciniki da su ko a can ɗin. Kamar ka ɗauki tsohuwar Murtala ta takarda ka shiga kasuwar Sabon Gari ne. Mu ma saura ƙiris a yi mana haka a 2007, da Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce za a cire wa naira sifiri biyu, marigayi 'Yar'aduwa ya dakatar. Gana ta cire huɗu a shekarar. Ni dai ban taɓa yarda goge sifiri na ƙara wa miya nama ba.

Ɗan Tudun Wada:

Ikon Allah. Ashe girman kai rawanin tsiya ne takardun nan suke yi mini. Na gode Malam, na gode Hajiya. Abin da ya ba ni mamaki, na duba taswira yanzu, Sao Tome ɗin nan tana nan ƙasa da Fatakwal, ba nisa.

Malamin Samaru:

Maƙwabta ne sosai, har yankin mai na haɗin gwiwa muke da shi da su a teku tun yarjejeniyar 2001, Najeriya kashi 60, su 40. Shawarata, kada ka kashe kuɗin mota zuwa kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano saboda waɗannan takardun. Sa su a leda kada su yage, ka ba babban ɗan marigayin tare da fasfon.