Shawarwari Ga Mai Shirin Shiga Kwalejin Ilimi

A wata tattaunawa da tsofaffin malamai da iyaye suka yi kan karatun NCE, wato karatun samun takardar shaidar malanta a kwalejin ilimi, abin da aka fi jan kunne a kai shi ne zaɓen haɗin darussa. Dattawan sun ce kada ɗalibi ya karɓi duk haɗin da aka miƙa masa don kawai ya samu gurbi, domin shekara 3 zai yi yana ɗawainiya da shi, kuma da shi zai nemi shiga aji 2 na jami'a idan ya so ci gaba. Wanda ya haɗa Lissafi da Kimiyya ba ya daɗewa yana neman aiki, amma wanda zuciyarsa ke wajen yara ƙanana gara ya rungumi sashen ilimin firamare, wanda a ganina ake rainawa ba bisa haƙƙi ba.

Sun kuma tsaya a kan koyarwar gwaji. Wata malama ta bayyana yadda ɗalibi kan tsaya gaban allo, alli a hannu, muryarsa na rawa, saboda bai rubuta tsarin darasi ba tun dare.

Daga ƙarshe an tunatar cewa a tabbatar hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta amince da kwas ɗin, sannan a yi rajista da TRCN, wato hukumar rajistar malamai, bayan kammalawa.