Darasin lissafi ta intanet: murya na yankewa, rubutu ba ya fita

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da ɗalibai 35 daga nesa, kusan dukkansu da waya suke shiga. Muryata na yankewa, ba sa iya karanta abin da nake rubutawa a allo, ga shi Zoom na katse mu ana tsaka da darasi. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Katsewar Zoom ba laifin sabis ba ne, asusun kyauta minti 40 kawai yake bayarwa. Google Meet na kyauta yana kai minti 60 idan mutum uku ne zuwa sama, kuma kowannensu yana ɗaukar mutum 100.

Amma ni a ganina kada ka ɗora darasin gaba ɗaya a kan haɗuwar kai tsaye. Ɗauki bayanin a bidiyo na minti 8 zuwa 10, batu ɗaya kacal, ka tura musu kwana ɗaya kafin aji. Ranar haɗuwa sai a yi minti 30 ana warware tambayoyi. Wanda sabis ya yanke masa bai rasa jigon darasin ba, yana da shi a waya, ya maimaita sau nawa yake so.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Malam, bar allon bango. Kyamarar waya daga nesa ba ta kama ƙananan lambobi, musamman na sama irin x², kuma idan sabis ya yi rauni manhajar tana rage ingancin hoto don ta ceci murya. Yi rubutun a takarda.

Samu abin riƙe waya mai lanƙwasa, ko ka jera littattafai ka ɗora wayar a bakinsu, kyamarar baya tana kallon ƙasa, kamar santimita 30 zuwa 40 sama da farar takarda. Wayar ta kasance a kwance, ba a tsaye ba. Yi amfani da baƙar maka (alƙalami mai kaurin baki), biro ba ya fita sosai, kuma kada layi ya wuce shida a shafi. Haske ya zo daga ɓangaren hannun da ba ka rubutu da shi, in ba haka ba inuwar hannunka za ta rufe abin da kake rubutawa. Wajen ɗaukar bidiyo, danna kan takardar a fuskar wayar ka riƙe har saitin ya kulle, don kada hoton ya riƙa dusashewa duk lokacin da hannu ya gifta.

Idan za ka shiga aji da na'ura biyu, ɗaya ta fuska ɗaya ta takarda, to ta biyun kada ka haɗa mata sauti ko kaɗan. Rufe makirufo kaɗai bai isa ba, lasifikarta za ta fitar da muryarka, ɗayar ta sake ɗauka, sai amsa-kuwwa da ƙara su cika ajin. In kuma ka ga rubutu a juye a kyamarar gaba, kada ka damu, kai kaɗai kake ganinsa haka.

Malamar Kimiyya:
Batun murya kuwa, sa abin kunne mai igiya wanda yake da makirufo, ya fi na Bluetooth rashin jinkiri. Rufe makirufon kowa tun farko, su ma su kashe kyamarorinsu, hoto ne ke cinye data. Ɗalibi zai jure hoto mara kyau, amma da zarar murya ta fara yankewa, shi ke nan ya bar bin ka. Lissafin a fili yake: sauti a kilobit 64 cikin daƙiƙa, minti 10 bai kai megabait 5 ba, bidiyo kuwa ko a kilobit 500 ne ya haura megabait 37.

Wajen turawa ta WhatsApp, aika bidiyon a matsayin fayil, domin idan ka tura shi yadda aka saba yana matse shi har lambobi su caɓe. In ya yi nauyi, rage shi da HandBrake, manhajar kwamfuta mai rage nauyin bidiyo, zuwa 720p (matsakaicin ingancin hoto) tukuna, kyauta ce.

Malamin Lissafi:
Allah ya saka da alheri. To yaya zan gane wanda ya kalli bidiyon da wanda bai kalla ba?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Haɗa kowane bidiyo da tambayoyi 5 a Google Forms, shafin Google na tsara tambayoyi, ka kunna tsarin jarrabawa don ya yi maki da kansa. Ka duba tambayar da aka fi faɗuwa, da ita za ka buɗe aji. Sai dai a kula: idan ka taƙaita amsa zuwa sau ɗaya, dole kowane ɗalibi ya shiga da asusun Google, wanda ba shi da shi ba zai iya buɗewa ba. Sannan a tambayar da ake rubuta amsa, 0.5 da 1/2 ba ɗaya ba ne a wurin Google Forms. Shigar da duka siffofin amsar, ko ka mai da ita ta zaɓi, don kada yaro ya ci daidai a ba shi sifili.