Kwaɓin burodi a inji yana tashi sannan ya zube, ina matsalar take?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka da awon kwaɓin burodi na fulawa giram 500 a injin burodi. Injin zai yi kwaɓin kawai, gashi kuma a oben. Kwaɓin yana fitowa da danƙo, ya kumbura sosai, sai ya sace ya faɗa, ga ɗan warin tsami.

Mai Tanda:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Yis ya yi yawa ko zafi ya yi masa yawa, alamun kenan. Ga awon: ruwa mililita 300, mai ko bota babban cokali 2, sukari babban cokali 2, gishiri cokalin shayi 1 da rabi, fulawa giram 500, yis na gari cokalin shayi 1 da rabi. Ki fara zuba ruwa da mai, gishiri a gefe, sai fulawa ta rufe ruwan, ki yi ɗan rami a samanta ki sa yis. Kada ki rage gishiri, shi ke hana yis saurin tashi fiye da kima.

Injin yana ɗumama kwaɓi da kansa, don haka da bazara ruwan sanyi za ki sa, ba mai ɗumi ba.

Anti Balaraba:
Maganar danƙon nan, ki daina awon fulawa da kofi, ki nemi sikeli. Kofi ɗaya ya danganta da yadda aka danna shi. Sannan minti 5 zuwa 10 da fara murzawa ki buɗe murfin ki duba. Kwaɓin ya kamata ya dunƙule wuri guda, sumul, in kin taɓa ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana shafe gindin gwangwanin injin kamar kunu, ƙara fulawa babban cokali 1, ki jira minti 2 kafin ki sake ƙarawa. In kuwa yana tsatstsagewa, injin yana nishi, ruwa yake so, shi ma cokali-cokali. Da hunturu fulawa ta fi shan ruwa, awon damina ba zai ishe ta ba.

Mai Tanda:
Haka ne Anti. Kuma zagayen kwaɓi, wato lokacin da injin ke ɗauka ya murza kwaɓin ya bar shi ya tashi, yawanci awa 1 da rabi ne. Yana ƙarewa ki cire, barinsa a ciki shi ke kawo tsamin. Ki danne iskar, ki naɗe, ki sa a gwangwanin gashi da kika shafa wa mai, ki rufe da ƙyalle mai laima minti 30 zuwa 45. Ki danna da yatsa, in gurbin ya dawo a hankali ya isa gashi. Digiri 190, minti 25 zuwa 30.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kuma ta daɗe, ki juye kwaɓin ki ƙarasa murzawa da hannu, ya tashi a roba har ya ninka.