In sake shuka shinkafa a ranin bana ko in canja? Ku ba ni shawara

Manomin Kura: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da kadada biyu a Kadawa, rani ya matso har yanzu na kasa yanke shawara. Tun da aka cire harajin shigo da shinkafa a 2024 shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta faɗi warwas, ta damina ma tana ɗaki ban sayar ba. Wani ɗan ƙungiya ya ce min masu injinan casa na ta zarya Abuja suna kamun ƙafa a tsaurara shigo da ta waje, wai in shuka kawai farashi zai tashi. In yarda ko in koma alkama? Kuɗin rance ne shi ya sa nake tsoro.

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam. Shuka albasa malam, ta fi.

Manomin Kura: Ban da wajen ajiyar albasa, alkama na tambaya.

Baba Mai Fadama: Ɗana, kamun ƙafar da suke yi ba don kai suke yi ba. Je ka duba sharuɗɗan rangwamen harajin nan na kwana 150, sai kamfanin da ke da injin casar tan 100 a rana aka yarje wa ya shigo da shinkafar. To su waye ke da irin wannan injin? Lokacin da Buhari ya rufe boda a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020 su suka ci riba, da aka buɗe ƙofa kuma su ne dai suka shigo da kaya. Ni na kai wa wani babban kamfani shanshera bashi bisa alkawarin sati biyu, sai da na ƙare takalmi ina sintiri, manaja ya ce ta waje ta fi musu araha sai dai in rage farashin da muka yi ciniki a kai ko in kwashe kayana, alhali kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya ni. Na karɓi abin da suka ba ni, auren 'yata ma sai da aka ɗaga. Kuma mai kamfanin nan da idona na ga motocin kamfe da ya saya wa ɗan takara.

Hajiya Mai Tuwo: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma ku yi mana adalci, mu masu sayar da abinci sai yanzu muka numfasa. Akwai lokacin da buhun kilo 50 ya haura dubu 90, kwastoma ya ci tuwo yana zagin ki kamar ke kika rufe bodar.

Ɗan Argungu: Buhun shanshera a nan dubu 35 na sayar jiya.

Bagobiri: Wace dubu 35? 28 aka taya min kuma da ƙyar.

Manomin Kura: Nan 40 ake faɗa amma ba mai saye.

Malamin Makaranta: Abin da mutane ba su sani ba, dokar kamfanoni ta hana kamfani bai wa jam'iyya gudummawa, dokar zaɓen da aka yi a 2022 kuma a lokacin ta ce mutum ɗaya kar ya ba ɗan takara sama da miliyan 50. Amma a Disambar 2014 an tara wa PDP sama da biliyan 21 a dare ɗaya a Abuja. Wanda ya zuba irin wannan kuɗin, in ana tsara jerin kayan da za a hana shigowa da su ai ba a bakin ƙofa za a bar shi ba. Dubi siminti da sukari.

Bagobiri: Malam ka taɓa riƙe fartanya kuwa? Mutum na tambayar me zai shuka kai kana karanta mana doka.

Malamin Makaranta: Baba ya riƙe fartanya shekara da shekaru, me ya hana a cuce shi? Farashin nan ba a gona ake yanka shi ba.

Ɗan Maraɗi: Ku Bagobiri ai ko dalar shinkafar da aka jera a Abuja a 2022 aka ba ku, kafin azahar kun tuƙa tuwo da ita 😂

Bagobiri: Katsinawan Maraɗi ku yi shiru, ku ne masu ɗauko ta a babur ta daji.

Ɗan Maraɗi: Wlh ba wasa ba, rufe bodar nan ta kashe mana kasuwa, ƴan uwanmu na Jibiya ma haka, ƙananan ƴan kasuwa ne suka talauce.

Baba Mai Fadama: Ni taki ne ma ya fi ci min rai. An hana shigo da takin NPK tun 2018 don a kare masu haɗa shi a gida, to yanzu sai na sayar da buhun shanshera kusan biyu kafin in sayi buhu ɗaya. Taki an kare shi, shinkafata kuma an sake ta.

Ɗan Argungu: Gsky. Kuma wanda na saya bara rabinsa yashi ne, gonar ko kore ba ta yi ba.

Hajiya Mai Tuwo: A ina ka saya? Ƙanena ma haka aka yi masa.

Manomin Kura: Jama'a alkamar fa? Akwai wanda ya yi ta bara a Kadawa ko Haɗeja ya gaya min nawa ya kashe a kadada?

Bagobiri: Takin yuriya nawa yake yanzu a wajenku?