Harhaɗa manhajar Android: in bar Gradle ko in haƙura da shi?

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta wata ƙaramar manhajar Android da za ta taimaka wa 'yan kasuwa wajen rubuta bashi, ita ce kuma aikina na kammala karatu. Rubutun kod ɗin bai wahalar da ni kamar harhaɗa shi ba. Duk lokacin da na buɗe aikin, sai Gradle, wato kayan aikin da ke harhaɗa kod ɗin ya zama manhaja, ya shiga sauke wasu kayayyaki daga intanet, datata tana ƙarewa ina kallo, idan kuma wuta ta ɗauke a tsakiyar saukewar sai in koma farko. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, aikin yana harhaɗuwa lafiya lau a kwamfutar abokina, amma a tawa sai ya tsaya yana ƙorafin sigar Java. Na ji ana yabon Maven da Bazel, waɗanda su ma kayan harhaɗa manhaja ne. Shin in koma ɗayansu, ko kuwa akwai abin da ban gane ba?

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka koma ko'ina, domin Android Studio, wato manhajar da ake rubuta manhajojin Android da ita, a kan Gradle aka gina tsarin harhaɗawarsa, kuma duk wanda ya kauce masa a aikin Android sai ya ɗora wa kansa kayan da babu mai taya shi ɗauka. Matsalarka ta rashin jituwar sigogi ce. Abubuwa uku ne dole su dace da juna: Gradle kansa, da ƙarinsa na Android, da kuma Java. Daga siga ta 8.0 ta wannan ƙarin, sai da Java 17 yake aiki, saboda haka ina kyautata zaton abokinka yana da 17, kai kuma kana kan 11.

Batun data kuwa, duba fayil ɗin gradle-wrapper.properties. A cikinsa aka rubuta sigar Gradle da aikin yake nema, kuma duk aikin da ka kwafo mai wata siga dabam sai an sauke masa tasa, fiye da megabayit 100 a kowane karo. Ka tsayar da siga ɗaya ga ayyukanka duka, ka zaɓi wadda sunanta ya ƙare da bin maimakon all, domin ta fi sauƙin nauyi. Idan komai ya sauka sau ɗaya, yana zaune a jakar .gradle, sai ka riƙa harhaɗawa da umarnin --offline.

Malamar lissafi daga Daura:

Na yarda da shawarar Malam, amma ban yarda a ɗora wa ɗalibin laifin duka ba. Waɗanda suka tsara irin waɗannan kayan aiki sun ɗauka kowa yana da intanet marar yankewa da kwamfuta mai ƙarfi, alhali ɗalibanmu da yawa suna fama da mai RAM gigabayit 4, ga tsadar data. Kuma rikitarwar tsohuwa ce. Make, tsohon kayan harhaɗawa wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, har gobe yana ƙin aiki idan mutum ya fara layin umarni da tazara maimakon tab, bambancin da ido ba ya gani. Ant ya zo a 2000, Maven ya biyo baya a 2004, kowanne ya magance wata cuta ya kawo tasa. Ni kaina na fi samun natsuwa da Maven a ayyukan Java da ba na waya ba, domin tsarinsa ɗaya ne ko'ina, fayil ɗin Gradle kuwa shi ma shiri ne da ake rubutawa da Groovy ko Kotlin, kowa da salonsa. Bazel dai ka manta da shi. Google ta fitar da shi a 2015 domin manyan rumbunan kod, ba domin manhajar mutum ɗaya ba.

Abu guda da Malam bai ambata ba: ka duba ko ka sa alamar + a ƙarshen sigar wata laburare, wato kod ɗin da wasu suka rubuta wanda aikinka yake amfani da shi. Wannan alama tana sa Gradle ya koma intanet neman sabuwar siga bayan kowace awa 24.

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa:

Allah ya saka muku da alheri. Java 11 ce a kwamfutata kamar yadda Malam ya zata, kuma na tarar da alamar + a laburare biyu da na kwafo daga wani darasi, na cire su na rubuta cikakkiyar sigar. Yanzu aikin yana harhaɗuwa ba tare da intanet ba. Saura tambaya ɗaya, Malama: idan na kwafe jakar .gradle ta abokina a filashi na zuba a tawa kwamfutar, za ta yi aiki, ganin cewa shi Windows yake amfani da ita, ni kuma Ubuntu?